Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Zaɓen Jak Na Mota

A yau ina so mu leƙa bayan mota, can ƙarƙashin shimfiɗar but, inda wani ɗan ƙarfe yake kwance wanda ba a tunawa da shi sai ranar da taya ta yi faci a tsakiyar daji. Wannan ƙarfe kuwa shi ne jak, watau abin da ake ɗaga mota da shi don a cire tayar da ta sace a ɗaura safaya.

Na san wata za ta ce, "To, ni ina ruwana da jak? Ai wannan sha'anin maigida ne da direba." Wata kuma ta ce ita ko tuƙi ba ta iya ba. To, ki saurara ki ji. Idan taya ta fashe tsakanin Zariya da Funtuwa ana gab da magariba, ke ce za ki tsaya a bakin titi da goyo a baya, yara suna kukan ƙishirwa, manyan motoci suna wucewa kamar za su kwashe ku da iska. Ko da an yi dace wani mai son taimako ya tsaya, hannunsa kawai zai kawo muku. In babu jak mai aiki a cikin motar, tausayinsa ba zai ɗaga ta ba. Ga shi kuma yanzu mata da yawa su ne suke tuƙa kansu zuwa makaranta da asibiti da ofis, su kai yara su ɗauko, wani lokaci babu namiji ko ɗaya a tare da su.

Bugu da ƙari, a yawancin gidajenmu mace ce take shirya kayan tafiya. Ita ce ba ta manta da guzuri da ruwan sha da maganin jariri. To, ya kamata duba jak ya shiga cikin wannan shiri. Abin da nake so ki riƙe daga wannan bayani shi ne, jak na ƙwarai shi ne wanda ya dace da motarku, ya dace da irin ƙasar da za a kafa shi a kai, kuma ƙarfin hannunki zai iya juya shi. Babu yadda za ki san haka sai kin gwada shi a ƙofar gida da rana tsaka, hankali kwance.

Fara Da Duba Wanda Ke Cikin But

Sabuwar mota takan zo da jak ɗinta wanda kamfani ya auna mata. Amma mun sani yawancin motocin da ake saya a ƙasar nan na hannu ne, waɗanda ake shigo da su daga Amurka da Turai ta Legas ko ta Kwatano. Kafin irin wannan mota ta iso ƙofar gidanku ta bi ta hannun mutane da dama. Sau da yawa sai a tarar jak ɗin ya yi ɓatan dabo, ko yana nan amma babu mariƙin da ake murɗa shi, ko kuma an jefa na wata mota dabam don kada a ga wurin wayam. Akwai ma wasu motocin zamani da tun daga kamfani ba a sa musu safaya ko jak, sai ɗan famfon iska da kwalbar ruwan liƙe faci, wanda ba ya amfana komai idan taya ta yage a gefe.

Saboda haka aikin farko shi ne ki buɗe but, ki ɗaga shimfiɗar, ki gani da idonki. Idan akwai jak, ki fito da shi tare da mariƙinsa. Idan babu, ko kuwa ya lanƙwashe, ko tsatsa ta cinye shi, to, lokacin sayen wani ya yi.

Iri-Irin Jak

Na farko shi ne mai almakashi. An kira shi haka domin ƙarafansa suna buɗewa suna rufewa kamar almakashi. A tsakiyarsa akwai doguwar sandar ƙarfe mai zare irin na noti, wadda in an murɗa ta sai ya miƙe sama. Shi ne aka fi samu a ƙananan motoci. Ba shi da nauyi, ba ya cin wuri, ba shi da man da zai tsiyaye, kuma in an naɗe shi tsayinsa bai fi kamar santimita 10 ba, don haka yakan shiga ƙarƙashin mota ko da taya ta kwanta ƙasa sarai. Yawancinsu suna ɗaukar tan 1 zuwa tan 1 da rabi. Aibinsa shi ne yana bukatar murɗi mai yawa har hannu ya gaji, gindinsa kuma siriri ne, yana da saurin karkacewa a ƙasa mai laushi.

Na biyu shi ne mai kwalba. Siffarsa kamar gajeriyar kwalba mai kauri, a cikinsa akwai mai. Ana zura masa sanda a gefe a riƙa dannawa sama da ƙasa, sai wani ƙarfe ya riƙa fitowa daga bakinsa yana tura mota sama. Ƙarfinsa ya fi girmansa nesa ba kusa ba, domin ƙaraminsa yana ɗaukar tan 2, manyansu kuwa har tan 20 da fiye, irin waɗanda direbobin tirela suke riƙewa. Ba ya wahalar da hannu. Amma ga inda gizo yake saƙar: ko an sauke shi ƙasa ƙwarai, tsayin ƙaramin yakan kai kamar santimita 18. Ƙaramar mota kuwa, ko tayarta na cike da iska, tsakanin cikinta da ƙasa sau da yawa bai kai haka ba, balle ta sace. Don haka mai kwalba ya fi dacewa da dogayen motoci, irin su jif da a-kori-kura da bas.

Na uku shi ne mai tayoyi, wanda kike gani a wurin kanikawa da masu faci, mai dogon hannu, ana tura shi ƙarƙashin mota. Shi ma da mai yake aiki. Yana da sauri, yana da faɗin gindi, kuma ya fi sauran sauƙin dannawa. Sai dai yana da nauyi yana kuma cin wuri a but. Muhimmin abin da ba kowa ya sani ba shi ne, yayin da yake ɗaga mota dole ne tayoyinsa su riƙa gangarawa gaba kaɗan kaɗan. A kan siminti ko kwalta mai santsi wannan ba matsala. A cikin yashi ko tsakuwa kuwa tayoyin sukan cije, sai ya riƙa jan motar wajensa har bakinsa ya zame. Ke nan jak ne na gida da gareji fiye da na bakin hanya.

Na huɗu shi ne mai lantarki, wanda ake jona shi da batirin mota, a danna maɓalli ya ɗaga da kansa. Yana da amfani ga mai ciwon baya ko mai ƙarancin ƙarfi. Amma in batir ya mutu ko waya ta tsinke, ya zama kaya. Wadda ta saye shi kada ta jefar da na hannu.

Akwai kuma wani dogon jak mai kama da tsani wanda akan ga an ɗaure a jikin motocin shiga daji. Wannan ba namu ba ne, domin hannunsa yakan ƙwace ya bugi mutum a fuska in bai ƙware ba.

Ku 'yammata 'yan makaranta, a nan ne darasin kimiyya yake fitowa fili. Mai almakashi yana aiki da dabarar zaren noti, watau ki yi murɗi mai yawa da ƙarfi kaɗan, mota ta tashi a hankali. Mai kwalba kuwa yana bin ƙa'idar da wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, ya bayyana a ƙarni na 17: idan aka danna ruwa ko mai da ke rufe a cikin mazubi, matsin yakan bazu ko'ina daidai wa daida. Shi ya sa danna ƙaramin famfo yake tura babban ƙarfe. A 1851 ne wani maƙeri mai suna Richard Dudgeon ya yi rajistar jak mai aiki da wannan dabara wanda ake iya ɗauka a hannu, a birnin New York na Amurka. Da wannan ilmi yarinya 'yar aji uku tana iya ɗaga abin da ƙarti huɗu ba za su ɗaga ba.

Abubuwa Uku Da Za Ki Auna

Abu na farko shi ne nauyi. Kowane jak na kirki an rubuta iyakar nauyin da yake ɗauka a jikinsa. Nauyin motarku kuma yana nan a littafinta, ko a wata 'yar takarda ko ƙarfe da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofa, galibi ta wajen direba. Wannan lamba tana nuna iyakar nauyin motar tare da mutane da kaya. Idan motar daga Amurka ta zo, za ki iya ganin an rubuta da fam, to, ki raba da 2.2 ki sami kilo. Kilo 1,000 shi ne tan 1.

Gaskiya ne jak ba ya ɗaukar motar dungurungum, kusurwa ɗaya yake ɗagawa. Duk da haka shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sayi wanda ƙarfinsa ya kai aƙalla kashi uku cikin huɗu na nauyin motar, don a bar rara. Ga misali, a ce an rubuta kilo 1,600 a jikin motarku. Kashi uku cikin huɗu shi ne kilo 1,200, ke nan mai tan 1 da rabi ya ishe ki. In kuwa babbar motar iyali ce da aka rubuta mata kilo 2,700, lissafin zai ba ki kilo 2,000 da 'yan kai, to, ki nemi mai tan 3 ki huta. Kada ki manta da yadda muke loda mota in za mu gida biki ko hutu, da buhun hatsi da akwatuna. Wanda ƙarfinsa ya yi yawa ba ya cutarwa, wanda ya gaza shi ne abin tsoro.

Abu na biyu shi ne tsayi, kuma a nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Jak yana da tsayi biyu, na lokacin da yake naɗe da na lokacin da ya miƙe iyakarsa. Dole na farkon ya zama gajere yadda zai shiga ƙarƙashin mota bayan taya ta sace, domin in iska ta fita wannan gefen yakan sauka da santimita da yawa. Dole na biyun kuma ya kai yadda safaya mai cike da iska za ta shiga, domin ta fi wadda ta sace tsayi. Sau nawa aka cire taya lafiya lau, aka zo ɗaura safaya ta ƙi shiga saboda jak ya ƙure?

Ki ɗauko tef ɗinki na awon ɗinki. Ki auna daga ƙasa zuwa wurin da ake kafa jak a jikin motar. Sa'an nan ki auna kaurin robar taya, daga ƙasa zuwa bakin wili, ki debe shi daga awon farko. Abin da ya rage shi ne kimanin sararin da za ki samu ranar faci. Ki rage masa kaurin katakon da za ki shimfiɗa a ƙasa, wanda zan yi bayaninsa nan gaba. Ki rubuta wannan lamba a takarda ki tafi da ita kasuwa.

Abu na uku shi ne bakin jak da mazauninsa. Ba ko'ina ake kafa jak a jikin mota ba. A yawancin ƙananan motoci, in kin sunkuya kin duba ƙasan ƙofofi za ki ga wani siririn ƙarfe ya bi tsawon motar. A bayan tayar gaba kaɗan, da kuma gaban tayar baya kaɗan, an yi masa 'yan tsaga biyu ko wata alama. Tsakanin tsagan nan ne aka ƙarfafa don jak. Shi ya sa bakin mai almakashi yake da rami wanda wannan ƙarfe zai zauna a ciki. Mai kwalba kuwa bakinsa ɗan ƙaramin da'ira ne, yana iya lanƙwasa wurin ko ya zame. Motoci masu shasi irin su Hilux a jikin shasin ake kafa musu, ko a ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, yadda littafin motar ya nuna. Wasu tsofaffin motoci irin su Volkswagen Beetle rami ne da su a gefe wanda ake zura hannun jak a ciki, don haka sai nasu na musamman. Wanda ya kafa jak a ƙarƙashin tankin mai, ko inji, ko shimfiɗar cikin mota, zai huda abin da gyaransa ya fi kuɗin jak goma.

In Kin Shiga Kasuwa

Ko a Panteka ta Kaduna ne, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a shagon kayan mota na garinku, abin da ya fi shi ne a je da motar a gwada a gaban mai kaya. In ke ba za ki je ba, ki ba maigida ko wanda za a aika takardar awonki, ki kuma roƙa a sharɗanta cewa za a mayar in bai dace ba.

Idan mai almakashi ne, a murɗa shi daga ƙasa har sama. Ya kamata ya tafi sumul ba tare da cijewa ba. A duba zaren sandar ko ya cinye, a duba ƙarafan ko akwai wanda ya lanƙwashe ko aka yi masa walda, a girgiza shi a ji ko yana sakwaf-sakwaf. Sau da yawa na asali da aka ciro daga mota irin taku, in yana da lafiya, ya fi sabo mai ƙyalƙyalin fenti wanda ƙarfensa bai fi gwangwani kauri ba. Ki ɗaga shi a hannu ki ji nauyinsa. Araha dai ba ta ado.

Idan mai kwalba ne ko mai tayoyi, a duba ko mai yana tsattsafowa ta bakinsa ko ta gindinsa. A ɗaga motar da shi a bar ta minti biyar ko goma ana kallo. In ta fara sauka da kanta, ko da kaɗan ne, robar cikinsa ta mutu, a bar shi. Duk jak ɗin da ba a rubuta nauyin da yake ɗauka a jikinsa ba, kada ki saya ko da kyauta ne.

Abokan Tafiyar Jak

Jak shi kaɗai ba ya canja taya. Na farko cikin abokansa shi ne katako. Gefen hanyoyinmu galibi yashi ne ko jar ƙasa, da damina kuma taɓo, har kwalta ma takan yi laushi da zafin bazara. Ki sa kafinta ya yanko miki katako mai ƙarfi, faɗinsa da tsawonsa kamar santimita 30, kaurinsa kamar santimita 3 zuwa 4, wanda za a shimfiɗa a ƙasa a ɗora jak a kai. Kada a taɓa ɗora jak a kan bulon siminti, domin yakan ruguje farat ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Kada kuma a jera duwatsu don a ƙara masa tsayi.

Na biyu shi ne waigi, watau guntun itace mai gangare da ake cusawa a gindin taya don kada mota ta gangara. Ki tanadi guda biyu. A yawancin motoci birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, don haka in an ɗaga baya riƙonsa ya ragu.

Na uku sifanar taya. Notinan taya ba girmansu ɗaya ba, akwai mai lamba 17 da 19 da 21, don haka ki tabbata taku ta kama notin motarku cif. Sifana mai baki huɗu ta fi 'yar gajeriyar da take zuwa da mota sauƙin aiki, domin ana kama ta da hannu biyu. Kanikawa sukan ɗaure noti da inji har ya gagari ƙato, saboda haka ki ajiye guntun bututun ƙarfe mai tsawon hannu, wanda za ki zura a sifana don ki ƙara mata tsawo wajen kwancewa. Wasu motoci kuma suna da noti ɗaya a kowace taya mai makulli na musamman don maganin ɓarayi. Ki san inda makullin yake.

Na huɗu ita kanta safaya. A riƙa auna iskarta kowane wata. Idan 'yar siririyar nan ce ta wucin gadi, ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, kuma iyakarta ta kai ku wurin mai faci. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna lokacin da aka yi ta. Misali 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara goma ta tsufa ko da ba a taɓa taka ta ba.

Sai alamar gargaɗi mai kusurwa uku, wadda jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, da aka kafa a 1988, suke tambaya a hanya. Sai tocila mai batir, da safar hannu, da tsohuwar tabarma ko buhu na durƙusawa.

Gwaji A Ƙofar Gida

Ki zaɓi wata ranar Asabar da safe, ki roƙi maigida ko wani babba wanda ya iya ya tsaya a kanki, ki kira 'yammatan gida su zo su gani. A ajiye mota a wuri mai tauri wanda ba shi da gangare. A kashe inji, a ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya, in kuwa mai canja giya da kanta ce a sa ta a P. A fitar da kowa daga ciki. A sa waigi gaba da bayan tayar da ke can ɗaya kusurwar, watau in ta gaba ta dama za a cire, ta baya ta hagu za a tokare.

Ki ɗaure mayafinki da kyau, ki tattara bakin zani ko hijabi, kada mariƙi ya naɗe shi. Tun mota tana ƙasa ki sassauta notina, kowanne kamar rabin murɗi, kina juyawa hagu, saɓanin yadda hannun agogo yake tafiya. In kika bari sai ta tashi, taya za ta riƙa juyawa, jijjigar kuma tana iya ture jak. Sa'an nan ki shimfiɗa katako, ki kafa jak a mazauninsa a miƙe sak, ki ɗaga a hankali kina lura. In kin ga ya fara karkata, ki sauke ki sake kafawa.

Kafin ki cire taya, ki kwantar da safaya a ƙarƙashin gefen motar kusa da jak, ta yadda in ya zame motar za ta faɗa a kanta. In kin ciro tayar sai ki musanya, ki kwantar da ita a wurin. Ki mirgina safaya, kada ki ɗauke ta cak, domin taya da wilinta na ƙaramar mota sukan kai kilo 15 zuwa 20. Mai juna biyu kada ta yi wannan aiki, ta tsaya ta ba da umarni. Ki ɗaura notina da hannu tukuna, ki janye tayar da kika kwantar, ki sauke mota a hankali, sa'an nan ki ƙarasa ɗaure su da sifana kaɗai ba tare da bututu ba. Ba a bin su a jere: ki ɗaure wannan, ki tsallake zuwa wanda yake fuskantarsa, har su ƙare. Bayan an yi tafiyar kamar kilomita 50 a sake gwada su.

A wannan gwaji ne za ki gane ko hannunki yana iya juya jak ɗin, ko tsayinsa ya kai, ko sifana ta dace. Abin da ya gagare ki a gida da taimakon mutane, ba zai yi miki sauƙi a daji cikin duhu ba.

Dokar da ba ta da sassauci ita ce wannan: ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. Ba a sa kai, ba a sa hannu, ba a miƙa ƙafa. Ko noti ne ya gangara ciki, a jawo shi da sanda. A kori yara nesa, kada wani ya jingina da motar, kada a buɗe ƙofa a shiga ɗauko wani abu, kada kuma a tayar da inji.

Ranar Da Abin Ya Faru A Hanya

In taya ta fashe ana cikin gudu, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur, kada a taka birki da ƙarfi, a bar mota ta rage gudu sa'an nan a gangara gefe. A nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, nesa da kwana da gada da kan tudu. A kunna fitilun gargaɗi, a kai alamar nan bayan mota kamar taku hamsin ko fiye. In an jera ganye a kan titi kamar yadda aka saba, a kwashe shi kafin a tafi don kada ya jawo wa wani haɗari. Yara da tsofaffi su koma can gefe nesa da kwalta, kada su tsaya a gaban mota ko bayanta.

Idan kuwa dare ne, ko wurin bai kwanta miki a rai ba, kada ki tsaya. Ki ci gaba a hankali a kan tayar da ta sace har ki kai ƙauye ko gidan mai ko shingen jami'an tsaro. Taya za ta lalace, wataƙila har da wili, amma su ana sayensu a kasuwa.

Kulawa Da Shi

Ƙurar hunturu da ruwan damina su ne abokan gaban jak. Mai almakashi a goge sandarsa a shafa mata giris sau biyu a shekara, a naɗe shi cikin tsumma. Mai kwalba a ajiye shi a tsaye, an sauke ƙarfensa ƙasa, domin in ya daɗe a kwance mai yana iya tsiyayewa. In mansa ya ragu a ƙara masa man jak. Kada a zuba masa man birki, yana cinye robar ciki. A ɗaure shi a mazauninsa cikin but don kada ya riƙa yawo. In maƙwabci ya ara, ki tabbata ya dawo da shi tare da mariƙinsa kafin wata tafiya.

To, a taƙaice, mai ƙaramar mota ta nemi mai almakashi na asali mai tan 1 da rabi, da katako, da sifana mai baki huɗu. Mai jif ko a-kori-kura ko bas ta nemi mai kwalba mai tan 3 ko 4, bayan ta tabbata tsayinsa ya dace. Mai tayoyi kuwa a bar shi a gida don aikin kan siminti. Kowanne kika zaɓa, ki gwada shi kafin ranar bukata, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina fatan kafin ƙarshen makon nan kowace uwargida za ta leƙa but ɗin motar gidansu, 'yammata kuma su tuna wa iyayensu. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.